Ƙafar Dogara

Bayan la'asar a Runjin Sambo,
rana ta sassauta, ƙasa ba ta huce ba.
Na jingine babur a gindin dogon yaro,
yara goma sha uku suka yi mini zobe,
kowa na cusa kai, gumi na ɗiga a kan waya.

Gilashinta ya tsage tun bara,
tsagar ta bi ta kafaɗar mutumin cikin bidiyo,
amma ƙafafunsa na nan lafiya.
Ciyawa shar a ƙarƙashinsa, takalmi mai ƙusa.
Mu kuwa yashi ne, da ƙaya,
da duwatsu biyu da muke kira raga.

Na ce, ku daina kallon ƙwallo.
Ku dubi ɗaya ƙafar, wadda ba ta bugu,
wadda ta tsaya gefe kamar ba ruwanta.
Ita ce turke.
Inda yatsunta suka nuna, can ƙwallo za ta.

Na mai da shi baya, na rage masa gudu,
har ya zama kamar mai ratsa gulbin Rima, ruwa iya ƙugu.
Idon sawu a ɗaure, yatsu na duban ƙasa,
ƙirji ya rufa kan ƙwallo kamar kaza kan ƙwai.
Sau bakwai muna kallo,
data na tsiyaya kamar gero a hujajjen buhu.

Jabbi ya ce, "Koci, wanga ai tun dauri na iya."
Ya ja da baya, ya sheƙo a guje,
ya soke ta da babban yatsa.
Ƙwallo ta haura katangar mai niƙa,
shi kuma ya zube yana hura ƙafa.

Ban yi dariya ba. Na cire takalmina.
Na nuna musu nawa yatsan, baƙi, ba farce, a karkace.
Shekara ashirin ke nan, na ce,
ni ba wanda ya tsai da mini hoto na duba.

Sai na juya wayar, na ɗauki Jabbi.
Da ya ga kansa ya ce, "Wallahi ba ni na ba!"
Shi ne kuwa:
ƙafar dogara a baya da kamu guda,
kai a sama kamar mai neman jinjirin wata.
Yara suka faɗi ƙasa don dariya.
Ya yi shiru. Ya ce a sake nuna masa.
A karo na uku caji ya ƙare, waya ta rufe ido.

Lawwali ne, ƙaraminsu, mai ɗauko ƙwallo in ta ɓata,
wanda ko sau ɗaya bai samu gaban waya ba,
ya cire silifa ɗaya, ya ajiye gefen ƙwallo.
"Taka nan."

Ya taka, ya kuskure. Ya taka, ta mirgina.
Na goma sha ɗaya, ko sha biyu, na daina ƙirga,
sai sautin ya sauya.
Ba tas ba. Dum, kamar an bugi tulu cike.
Ta tafi ƙasa-ƙasa, ba ta waiwaya,
ta ratsa duwatsun nan biyu,
jar akuyar da ke kwance baya ta tashi ba shiri.

Ladan ya ɗaga murya daga masallacin bakin titi.
Jabbi ya rugo, numfashi sama-sama:
"Koci, ka ɗauka?"
Na nuna masa baƙin gilashi.
Na ce, waya ta mutu, amma ƙafarka ta ɗauka,
gobe mu gani ko ba ta goge ba.

Lawwali ya sa silifarsa.
Na tada babur da ƙafar da ba yatsan kirki,
muka nufi buta.